Lesin ɗin Turanci na Yamma a Yankin Taura: Yadda Aka Koyar da Dangin Kalmar Earth

A wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura akwai lesin na Turanci da ake yi a ajin firamare bayan sallar La'asar, sau uku a mako, awa ɗaya da rabi kowane zama. Mai koyarwar tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya. Ɗalibansa iri biyu ne: 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO da JAMB, sai samari masu koyon sana'a, yawancinsu yaran masu wayarin da masu haɗa sola, waɗanda buƙatarsu ita ce su iya karanta takardar da ke zuwa cikin kwalin kaya. Ana biya wata-wata, kuɗin takardar darasi daban. Malam ba ya ba da haddar kalmomi ashirin-ashirin daga ƙamus. Kalma ɗaya yake ɗauka ya bi danginta har mako biyu. Wannan sharhi ya tsaya kan zangon da aka ware wa earth, zama shida da takarda mai shafi takwas, domin a nan ne ƙarfin tsarin da rauninsa suka fi fitowa fili.

Lesin ɗin ya ci kuɗinsa. Sai dai akwai kurakurai a takardar, kuma ɗaya daga cikinsu ya wuce batun faɗuwa jarrabawa, ya taɓa lafiyar mutum.

Zaman farko shi ne mafi daraja, kuma ba a fara shi da Turanci ba. Malam yana rubuta kalmar ƙasa a tsakiyar allo ya ce kowa ya kawo jumla. Nan da nan allo ya cika: ƙasata Najeriya, ƙasar gonar nan ta gaji, yaro ya faɗi ƙasa, ya sayi ƙasa zai yi gini, sauko ƙasa, jirgin ƙasa, ginin ƙasa, ɗan ƙasa. Daga nan sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a nemi Turancinsu, ɗalibi ya gani da idonsa cewa kusan babu guda da earth ta dace da ita. Najeriya country ce. Ƙasar da ta gaji soil ce. Wanda ya faɗi a tsakar gida ground ya faɗa, in a cikin ɗaki ne floor. Wadda aka saya don gini land ce. Saukowa down ne, jirgin ƙasa train, ɗan ƙasa citizen. A nan tushen matsalar Bahaushe da wannan kalma yake. Mu kalma guda muke ɗora wa duk wannan kaya, Turanci kuwa ya raba shi ga kalmomi bakwai ko takwas, sai ɗalibi ya buɗe ƙamus ya ga ƙasa daidai da earth, ya rubuta "he fell on the earth" a insha'i, mai gyara ya ja masa jan biro.

Haka ake yi wa duniya. Ita ma biyu ce a Turanci. Ƙwallon da muke zaune a kai, mai zagaya rana cikin kwana 365 da kwata, shi ne Earth. Jama'a da ƙasashe da harkokinsu kuwa world ne, shi ya sa gasar cin kofin duniya da yaƙin duniya da bankin duniya duk world suke ɗauka. Takardar ta kawo misali mai kyau da ranaku biyu da kan rikita masu fassara labarai: Earth Day ta 22 ga Afrilu, wadda aka fara a Amurka a 1970, magana ce ta kare muhallin duniya baki ɗaya, World Soil Day ta 5 ga Disamba kuwa ta ƙasar noma ce. In aka ce wa kowace "ranar ƙasa" an bar mai sauraro cikin duhu, har ma ya ɗauka ranar samun 'yancin kai ake nufi.

Dokar babban baƙi ma an yi ta daidai, a taƙaice. In ana jera ta da Mars da Venus a darasin labarin ƙasa, suna ce, da babban baƙi. In turɓaya ake nufi, ko cikin magana irin "on earth", da ƙarami. In ma'anar turɓaya ce ba a yi mata jam'i, ba a sa mata a ko an.

Zama na biyu da na uku su ne na kaya a kan tebur, kuma a nan Malam ya fi mafi yawan makarantun kuɗi na birni. Yana zuwa da ƙaramin tulu, da kasko, da farantin tangaran, da gwangwani mai jiƙaƙƙiyar ƙasa da tana a ciki. Ɗafin -en, in ji shi, yana nuna abin da aka yi abu da shi, kamar wooden daga wood da woollen daga wool. Saboda haka earthen na nufin na ƙasa: daɓen ɗaki earthen floor, katangar ƙasa earthen wall. Earthenware kuma sunan kayan yumɓu ne gaba ɗaya, tulu da randa da tukunya da kasko da asusu, kuma ba a ƙirga ta. Ba a cewa two earthenwares, sai dai two earthenware pots. Ya zuba ruwa a tulu da faranti ya bari har ƙarshen zama. Bayan tulun ya yi gumi, farantin bai yi ba. Dalili shi ne ana gasa kayan yumɓu a zafin da bai kai ya toshe ƙananan ƙofofin jikinsu ba, ƙasa da digiri 1,200, na maginan karkara da ake gasawa a fili da kara da kashin shanu ma bai kusanci haka ba, alhali tangaran sai an wuce da shi wannan zafi har jikinsa ya zama kamar gilashi. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bin iska ya tafi da zafi, shi ya sa ruwan randa ke da sanyi. Daga nan takardar ta kawo Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da yalo da alayyafo, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Duk rubutun Turanci kan aikinsa cike yake da earthenware, kuma yaron Jigawa da ya ji wannan ba zai sake manta kalmar ba.

Earthwork ma an ba ta haƙƙinta. Ma'ana biyu take da su. A tarihi, tudu ko katangar ƙasa ce da aka tara don tsaro, kamar ganuwar Kano wadda tarihi ya danganta fara ta ga Sarki Gijimasu da ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. A aikin injiniya kuwa earthworks duk wani yanka da cike da daddaɓa ƙasa ne kafin a zuba kwalta, kuma ita ce kalmar da za ka gani a takardar kwangilar hanya ko magudanar ruwa. Katafila da gireda earth-moving equipment ne. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, earth dam ce, wato da ƙasa aka tare ruwan, ba da kankare zalla ba. Abin da takardar ta tsallake shi ne ginin ƙasa na gida: a Turancin yau da kullum na Najeriya mud house ake cewa, amma masu zanen gini da ƙungiyoyin kare kayan tarihi earth building ko earthen architecture suke rubutawa. Ɗalibin da zai nemi bayani a intanet kan ginin tubali da makuba yana buƙatar duka biyun.

Akwai aikatau guda da manoma suka fi kowa buƙata, earth up, kuma an yi mata adalci. Ma'anarta tara ƙasa a gindin shuka, abin da muke yi da garma lokacin huɗa. Takardun malaman gona na cewa a yi wa masara earthing up bayan an zuba taki na biyu, wajen sati biyar zuwa shida da shuka, don a rufe yuriya kada ta bi iska, saiwar sama kuma ta samu madafa kada iska ta kwantar da karan. A gyaɗa lokaci ne mai tsauri: ana tara ƙasar kafin tsinken da ke fitowa daga fure ya nutsa, in aka makara aka shiga da garma bayan ya nutsa sai a tsinke shi, a yi asarar ƙwaya. Malam ya ja kunne cewa wannan earthing up ɗin ba shi da haɗi da earthing na lantarki, ɗan guntun up ɗin nan shi ne bambancin. Gyaɗa kanta groundnut ce a Turancinmu. Earthnut tsohuwar kalma ce da ba za ta yi wa kowa amfani a kasuwar Gujungu ba, da an bar ta.

Earthworm da earthquake ba su ɗauki lokaci ba, kuma haka ya dace. Tana ce earthworm, ba tsutsar ciki ba, ba tsutsar da ke cin masara ba. Girgizar ƙasa mai rusa gari, irin ta Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023 mai ƙarfin maki 7.8, earthquake ce. 'Yar motsawar da aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumban 2016 da Mpape ta Abuja a Satumban 2018, earth tremor jaridu suka kira ta. An kuma tuna wa ɗalibai cewa zaizayar ƙasa da zaftarewar ƙasa ba sa ɗaukar earth. Erosion ce da landslide.

A shafi na huɗu aka fara tuntuɓe.

Takardar ta jera earthly da earthy a layi ɗaya ta fassara su da "na ƙasa". Wannan kuskure ne, kuma irin tarkon da masu shirya tambayoyin cike gurbi ke so ke nan. Earthly na duniya ne, kishiyar na lahira ko na sama. Abin duniya da mutum ya mutu ya bari, gona da shanu da gida, earthly possessions ne. Tana kuma zuwa don ƙarfafa korewa: "no earthly reason" na nufin babu dalili ko ƙanƙani. Duk da ta ƙare da -ly, siffa ce, kamar friendly, ba ta bayyana yadda aka yi aiki, don haka "he behaved earthly" ba Turanci ba ne. Earthy kuwa mai kama da ƙasa ce a ƙamshi ko launi ko ɗanɗano. Ƙamshin nan da ke tashi in ruwan farko ya sauka kan busasshiyar ƙasa earthy smell ne. Launin makuba da jar ƙasa earthy colours ne. In aka ɗora ta kan mutum ko barkwancinsa kuma, ana nufin mai magana gatsal ba kara, har da ɗan batsa-batsa. Ɗalibin da ya so yabon limamin garinsu da cewa ba ruwansa da abin duniya ya rubuta earthy, ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Unearthly ma an ce "wanda ba na ƙasa ba" aka wuce, alhali amfaninta na gaske shi ne abu mai ban tsoro da bai yi kama da na mutane ba, kamar wani kuka da dare, ko lokacin da bai dace ba: wanda ya buga maka ƙofa da talatainin dare ya zo a unearthly hour.

Kuskure na biyu na asalin kalma ne. An sa hearth da dearth cikin dangi saboda an ga haruffa biyar ɗin a jikinsu. Ba dangi ba ne. Hearth murhu ne da gefensa, tushenta daban tun a tsohon Turanci, furucinta ma daban, da wasalin heart take tafiya. Dearth ƙaranci ne, daga dear mai ma'anar tsada aka samo ta da ɗafin -th, kamar yadda warm ta ba da warmth. Wanda aka koya wa cewa dearth ta shafi ƙasa, ranar da ya ga "a dearth of teachers" a jarrabawa zai yi ta neman turɓaya a inda ake maganar ƙarancin malamai. Haka nan Malam yakan ce earth daga ardi ta Larabci ta fito, ta cikin "assamawati wal ardi". Kamar tana da daɗin ji, kuma tana taimaka wa hadda, amma masana harshe ba su haɗa su ba. Earth daga tsohon Turanci eorthe ta zo, 'yar'uwar Erde ta Jamusanci da aarde ta mutanen Holan. Larabci kuwa a wani gida yake, gidan da Hausa ma take ciki. A faɗa wa yara kama ce kawai. In ana neman ɗan'uwa na gaskiya mai ban sha'awa, ga dabgi: sunansa na Turanci, aardvark, daga harshen Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan ya fito, ma'anarsa aladen ƙasa.

Furuci ya samu minti goma kacal cikin awa tara, kuma bai isa ba, tunda takarda ta uku ta Turancin WAEC tambaya 60 ce kan sauti zalla. Yawancin ɗalibai "at" ko "as" suke cewa, Malam kuma yana bari ya wuce. In aka ce "at" ta haɗu da art, earthwork ta koma artwork. Gyaran yana hannu, ba sai an sayi komai ba. Duk yaron da ya yi tajwidi a Islamiyya ya san harafin nan mai ɗigo uku a sama da ke cikin kalmar ƙarshe ta ayar farko a Suratul Kausar: kan harshe ya taɓa bakin haƙoran sama, iska ta fita ba murya. Shi ne sautin ƙarshen earth. Wasalin kuma dogo ne daga tsakiyar baki, leɓe a sake, shi ne na bird da learn da nurse da word, kuma a furucin Ingila da jarrabawa ke bi ba a kaɗa r. A jera earth, birth, worth a gefe, heart, hearth, art a ɗaya gefen, a maimaita minti biyar kowane zama.

Unearth an koyar da ita da kyau a ma'anarta ta farko, tonowa. Misalin kwalekwalen Dufuna ya zauna daram: a 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da shi, aka fito da shi a 1994, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. An kuma nuna ma'anar aro, bankaɗo abin da aka ɓoye, kamar yadda jarida kan ce bincike ya unearth wata almundahana. Amma unearthed tana da fuska ta biyu da takardar ba ta ambata ba ko da kalma ɗaya. A takardar kayan lantarki, unearthed appliance ba na'urar da aka tono ba ce. Na'ura ce da ba a yi wa ating ba, wato ba a haɗa jikinta da ƙasa ta waya ba. Kusan rabin ajin yaran masu wayarin ne, kuma wannan ce ma'anar da za su haɗu da ita a wurin aiki.

Shafi na bakwai, na lantarki, shi ne ya fi buƙatar a sake rubuta shi daga farko. Ya fassara earthing da "binne waya a ƙasa", ya ce earth da neutral duk ƙasa suke zuwa don haka kusan abu ɗaya ne, ya ba da launi uku: ja, baƙi, kore. Kowace daga cikin ukun nan tana da gyara.

Aikin wayar ating shi ne haɗa jikin ƙarfe na firij ko dutsen guga ko inbata ko famfon rijiyar burtsatse da ƙasa, ta yadda in wayar wuta ta goge ta taɓa jikin, wutar za ta samu hanya mai sauƙi ta bi, abin kariya ya katse ta kafin mutum ya ɗora hannu. A zaman lafiya ba ta ɗauke da wuta. Neutral kuwa kullum tana ɗauke da wutar da ke dawowa. Yaron da ya ɗauka ɗaya suke zai haɗe su a bayan soket don ya huta da jan waya ta uku, ranar da neutral ta tsinke a wani wuri sai jikin firij ɗin gaba ɗaya ya ɗauki wuta.

Launi ma ya sauya. Ja da baƙi da kore tsohon tsarin Ingila ne, kuma har yanzu shi ya fi yawa a bangon gidajenmu. Amma wayar da ke jikin kayan da ake sayowa ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya neutral, mai ratsin kore da rawaya ating. Ingila ta mai da wayar cikin gini ma kan wannan tsari tsakanin 2004 da 2006. A kayan Amurka kuma baƙa ita ce mai wuta, fara neutral. Wanda ya haddace cewa baƙar waya ba ta jan mutum zai kama ta da hannu a na'urar da aka shigo da ita ta gwanjo. Nan ne ma darasin kalma ya kamata ya yi aikinsa: abin da Ingila ke kira earth, Amurka ground take ce masa, earthing kuma grounding. Takardun inbata da na caja-kwantirola da yawa ground ko GND ko PE suke rubutawa, ko su sa alamar layi a tsaye da gajerun layuka uku a ƙarƙashinsa, kowane ya fi na samansa gajarta. A fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi, ƙafar sama mai tsawo ita ce ta ating, an tsawaita ta ne don ta riga sauran shiga, ta kuma buɗe murfin ramukan soket. Masu tura tsinke a ramin sama su cusa fulogi mai ƙafa biyu sun zubar da wannan kariya.

"Binne waya" kuwa ya rage aikin ƙwarai, musamman a wannan yanki da sunan jihar ma daga yashi ya samo asali. Busasshen yashi ba ya karɓar wuta kamar laka mai danshi ta fadama. Sandar ating da aka fi sayarwa ƙarfe ce mai rufin jan ƙarfe, kauri milimita 16, tsawo mita 1.2. A jigawa, cikin Maris da Afrilu, sanda ɗaya irin wannan takan tsaya ne cikin ƙasar da ta bushe ƙamas. Lissafin mai sauƙi ne: wutarmu bolt 230 ce, in turjiyar ƙasar ta kai om 100, amfiya 2.3 kawai za ta bi, wannan kuwa ba zai ƙona fis mai amfiya 13 ba. Jikin na'urar zai ci gaba da ja alhali ga sanda a binne, mai gida yana ganin an yi masa ating. Maganin shi ne a haɗa sanduna a zurfafa har a tarar da danshi, ko a kafa biyu ko uku da tazarar da ba ta gaza tsawon sandar ba a haɗe su, a ɗaure waya da maƙalin ƙarfe mai noti maimakon naɗawa da hannu, a sa abin katse wuta mai jin yoyo, RCD mai miliamfiya 30, a riƙa danna maɓallin gwajinsa. Gawayi da gishirin da aka saba zubawa a ramin suna rage turjiya na ɗan lokaci, amma damina takan wanke gishirin, kafin nan kuma ya ci jikin sandar. Awon gaskiya da mitar awon ating ake yi, da rani, ba da ƙwan fitila tsakanin waya mai wuta da sanda ba. Ba a ce malamin Turanci ya koyar da duk wannan ba. Amma tunda ya buɗe shafin, ko dai ya tsaya kan kalmomin, earth wire, earth rod, earth fault, earth leakage, earthed da unearthed, ya fassara su daidai, ko ya gayyato ƙwararren mai wayarin ya karɓi rabin awa. Yaran da suka riga suka karɓi takardar su ja layi kan wannan shafi, su kai wa maigidansu na sana'a ya duba.

Zaman ƙarshe na salon magana ne, kuma Malam ya dawo kan ƙarfinsa, domin ba ya fassara kalma da kalma, Hausar da ta yi daidai yake nema. Down-to-earth mai sauƙin kai ne, marar ɗagawa, wanda ya san abin da zai yiwu. Yabo ne, ba wanda ya talauce ba kamar yadda ɗalibai kan zata. Cost the earth ɗan karen tsada. Move heaven and earth, ba inda bai buga ba. Salt of the earth, wadda asalinta daga Linjila ne, mutumin kirki da ba ya cuta. Scorched earth ƙone gonaki da rumbuna a yaƙi don kada abokin gaba ya samu abinci. "What on earth" kuwa kamar mu ce "wai shin me" cikin mamaki ko fushi. Malam ya hana sa ta a wasiƙar neman aiki ko wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta, kuma ya yi daidai, domin a can rashin ladabi ce.

'Yan kimiyya ba su samu rabonsu ba. Babu alkaline earth metals, rukuni na biyu a jadawalin sinadarai inda kalsiyam da magnesiyam suke, kuma wannan yana cikin manhajar sakandare. Babu rare earths, sinadarai 17 da ake yin maganaɗisun lasifikar waya da wasunsu, waɗanda sunansu ke yawan fitowa a labaran ciniki tsakanin Sin da Amurka. Layi huɗu sun isa. Earthling da earthward da aka ba rabin shafi su ne ya kamata su matsa.

Ta fuskar tsari, ajin yana cika fiye da kima gab da jarrabawa, na baya ba sa ganin kayan da ke kan tebur, gara a je da wuri. Ɗab'in takardar ya dushe a wasu shafuka, har earthly da earthy suna kama da juna a ido, abin da ya ƙara dagula kuskuren da ke wurin. Aikin gida jumla goma ne kowane zama, kuma Malam yana gyara su da hannunsa ya dawo da su a zama na gaba, wanda shi kaɗai ya isa dalilin biyan kuɗin. 'Yan mata suna da layinsu a gaba, ana tashi kafin Magariba. Mai zuwa ya tanadi littafi mai shafi 60 na wannan lesin kaɗai da ƙamus na Turanci zalla mai nuna furuci, ko na takarda ko na waya wanda ke aiki ba data, ya duba kowace kalma ta shafi na huɗu da na biyar da kansa. Zango na gaba kan water ne.